Jirgin da Aka Hana Shan Ruwa

Ranar da Malam Abdulrashid ya yi ritaya daga aikin masinja a wata ma'aikata ta birnin Kano, ya tattara komatsansa ya koma Kanya Biyu, ƙauyensu da ke bakin madatsar ruwa ta Watari. Tun kafin ya sauka daga kan babur ya sanar da mutanen da ke zaune a gindin bishiya cewa ya gaji da hayaƙin birni, ya zo ya shaƙi iskar Allah. Kwana uku ya yi yana shaƙa. A na huɗu ya gano babu wutar lantarki, waya ba ta kamawa sai an hau tudun bayan masallaci, mai shayi kuma bai san madarar gwangwani ba. A na biyar ya gano abin da ya fi duk waɗannan muni: mutanen garin ba su iya jirgin ruwa ba.

Shi kuwa ya iya. Shekaru ashirin da shida da suka wuce an aike shi Legas ya kai wata takarda, motar dawowa ta lalace, ya kwana tara a ɗakin wani mai gadi a tashar jiragen ruwa. Bai shiga jirgi ko ɗaya ba, amma ya gan su sosai ta tsakanin shingen waya. Tun daga lokacin, duk hirar da aka ɗauko a gabansa, ko ta farashin gero ce, a teku take ƙarewa.

Matarsa Larai ba ta taɓa ganin teku ba. 'Yar marigayi Sarkin Ruwan garin ce, ta riƙe filafili tun kafin ta iya ɗaura zane. Duk shekarun da mijin ya yi a birni yana leƙowa ƙarshen wata, tana nan tana noman rani a lambun da ta gada, ta rene 'ya'ya har ta aurar da su. Ƙaninta Tasi'u ne ke haye mata da tumatirinta zuwa ɗaya gaɓar, inda motocin kudu ke lodi duk Laraba su tashi da azahar. Akwai hanyar ƙasa, amma sai an zagaye dam ɗin gaba ɗaya, kuma irin hanyar nan ce da kaya ke shiga yana tumatir ya fito yana miya.

Wata safiya Malam Abdulrashid ya gangara mashigi, hannuwa a baya, ya tsaya a kan kwale-kwalen Tasi'u da ke ɗaure, rabinsa cike da ruwa.

"Tasi'u, wannan mene ne?"

"Jirgi ne, mijin Yaya."

"Na ga jirgi ne. Me ruwa yake yi a cikinsa?"

"Kwana ya yi."

"To, ka ji ciwon. A Legas jirgi ne yake cikin ruwa, ba ruwa ne yake cikin jirgi ba. Kun bar dukiya tana ruɓewa saboda rashin fita duniya."

"Allah Ya ba mu ikon fita," in ji Tasi'u, ya ci gaba da ɗinke komarsa.

A makon nan Malam Abdulrashid ya bayar da aikin sabon jirgi. Bayan wata guda aka kawo shi a bayan babbar mota, dogo, mai ƙamshin sabon katako, tare da kafintan da ya haɗa shi, wani dattijo mai ƙarancin magana.

"Maigida, yau ɗin nan a jefa shi a ruwa," in ji kafintan. "A bar shi ya nutse, ya sha kwana bakwai. Katako sai ya kumbura yake haɗe bakinsa."

Malam Abdulrashid ya yi murmushin wanda ya ga duniya.

"Ka taɓa ganin wanda ya ɗinka sabuwar riga ya fara jefa ta a kwata?"

Kafintan ya dube shi, ya dubi Larai da ke tsaye a bakin zaure, ya hau motarsa. Larai ta tabbata ta ga tausayi a idonsa, kuma ta san ba mijinta yake tausayi ba, jirgin ne.

Aka sauke jirgin a filin da ke gefen gida, aka ɗora shi a kan bulo shida don kada ya taɓa ƙasa. Washegari Abdulkabir magini ya zo ya zagaye shi da katanga, ya rufa kwano a sama, ya fitar da ƙofa. Larai ta zo wucewa da tulu, ta dubi ƙofar, ta dubi cikin jirgin.

"Malam, ƙofar nan..."

"Larai, gini ba aikin mata ba ne."

Ta wuce da tulunta.

Aka yi wa jirgin farin fenti. Aka kira mai rubutun allon shaguna ya rubuta masa suna a gefe da manyan baƙaƙe: BA IRIN NAKU BA. Malam Abdulrashid ya je birni ya dawo da usur da wata farar hula mai baki, ya ce ta kyaftin ce. Tasi'u ya rantse ya taɓa ganin irinta a kan mai buga ganga na 'yan makaranta. Daga ranar mutanen gari suka koma kiransa Kyaftin, shi kuma ya amsa da zuciya ɗaya.

Sai bazara ta shigo. Kwano ya ɗauki zafi, ɗakin jirgi ya zama tanda. Da tsakar rana, idan gida ya yi tsit, Larai takan ji katakon yana ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana fasa gyaɗa. Ta san wannan ƙarar tun tana yarinya. Ubanta yakan ce jirgi kamar raƙumi ne da aka juya: shi idan bai sha ba kullum, mutuwa yake.

Saboda haka duk lokacin da mijin ya hau tudun masallaci neman sabis, sai ta ɗauki bokiti biyu ta sheƙa wa jirgin a ciki. Kwana huɗu tana yi. A na biyar sabis ya ƙi zuwa, mijin ya dawo da wuri, ya same ta da bokiti a sama.

"Innalillahi! Larai! A cikin gidana ake yi mini zagon ƙasa?"

"Ƙishirwa yake ji, Malam."

"Katako ne ke jin ƙishirwa? Wannan camfin gidanku ne. Shi ya sa ubanki, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara arba'in a kan ruwa bai taɓa kaiwa ko Lakwaja ba."

"Bai kuma taɓa nutsewa ba."

"Wannan sa'a ce, ba ilimi ba."

Ya tuɓe riga, ya goge jirgin da tsumma har ya bushe ƙarau, ya buɗe ƙofa iska mai zafi ta ƙarasa aikin. Da yamma ya sayo kwaɗo ya datse ɗakin, ya rataya mabuɗin a wuyansa tare da usur.

Bayan mako uku ya gayyaci maƙwabta su ga kaya. Inna Kulu, tsohuwar da ke sayar da daddawa a gidan da ke kallon nasu, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin jirgin, ta daɗe.

"Kyaftin, ina hango ƙafarka ta cikin gindinsa."

"Iska ce take shiga, Inna. Manyan jirage duk haka suke, da tagogi."

"A ƙasa?"

"Ko'ina."

"To, Allah Ya sa kifi ya san taga ce."

Da suka watse ya sayo wani gwangwanin fenti ya bi tsagogin ɗaya bayan ɗaya ya shafe. Suka ɓace daga ido. Ya kira Larai ta gani, ta gani, ta ce fentin ya yi kyau.

Ana nan tumatirin lambu ya nuna gaba ɗaya, babban tsinka na shekara, wanda daga shi ne hatsin damina da takin baɗi suke fitowa. Ranar Litinin Tasi'u ya shigo gaida yayarsa, ya ce zai kawo jirgi mashigi Laraba da sassafe kamar kullum. Malam Abdulrashid yana kan tabarma yana goge hularsa.

"Ba sai ka wahala ba. Daga bana kayan matata ba za su ƙara shiga jirginka ba."

"Laifin me jirgin ya yi, Kyaftin?"

"Ina da jirgi a ɗaki, matata tana roƙon na wani? Me za a ce da ni a gari?"

"Abin da ake cewa yanzu."

"Me ake cewa?"

"Kyaftin."

Larai ta ce, a hankali, "Malam, tumatir ba ya jiran gwaji. Idan motocin nan suka tashi, sai wata Larabar, kuma kafin nan ko awaki ba za su ci ba."

"Na yi magana. Laraba za a ƙaddamar da jirgi, da kayanki zai fara. Ki gode wa Allah, ba kowace mace ake buɗe jirgi da tumatirinta ba."

Ta yarda da wannan. Ba kowace ba ce.

Talata aka tsinke lambu, kwando talatin, aka jera su a mashigi aka rufe da ganye. Laraba da hantsi ya kamata a ce an yi sawu biyu. A maimakon haka gari duka yana ƙofar gidan Malam Abdulrashid, an kawo amalanken shanu, ƙarti takwas sun ɗaga jirgin sun nufi ƙofa da shi. Hancinsa ya fita. Cikinsa ya tsaya.

Aka koma baya, aka karkata shi, ya tsaya. Aka kifa shi, ya tsaya. Kyaftin ya busa usur, jirgin dai ya tsaya.

"Wa ya gina wannan ƙofar?"

"Ni ne," in ji Abdulkabir magini. "Kai ka auna da ƙafarka."

"Jirgin ne ya ƙara ƙiba."

"Wallahi ramewa ya yi," in ji Inna Kulu.

Aka kawo diga aka rushe katangar gaba. Larai tana tsaye tana kallon inuwar zaure tana gajarcewa.

Rana ta take sosai kafin a isa mashigi. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗauko lasifikar masallaci da batirinta. Kyaftin, cikin farin kaftani da farar hula, ya yi jawabi a kan teku, da zurfinsa, da yadda Turawan jirgi suka taɓa ɗaga masa hannu. Sannan aka tura jirgin cikin ruwa. Ya zauna a kai fari tas, kyakkyawa, har wasu suka fara tunanin ko su ne ba su fita duniya ba.

"Ranka ya daɗe, bismillah, kai ne farkon shiga," Kyaftin ya ce da Mai Unguwa.

"Likita ya hana ni iskar ruwa."

"To, Malam Liman, a shigo a sa albarka."

"Addu'a daga nan ma tana isa," in ji Liman, ya ƙara ja da kujerarsa baya.

Yara suka yunƙuro da gudu. Tasi'u ya tare gabansu da gorar tuƙi, kuma wannan karon babu dariya a fuskarsa. "Duk wanda ya taka jirgin nan sai na karya masa ƙafa." Babu wanda ya ce masa don me. Mutanen bakin ruwa suna wasa da komai, ban da wannan.

"Shi ke nan, a yi lodi," in ji Kyaftin. "Kwando goma sha biyar."

Larai ta matso. "Malam, a fara da biyu."

"Biyu? A gaban Mai Unguwa?"

"To, uku."

"Goma."

"Manyan jirage ba a cika su ranar farko, Malam. Na ji ka faɗa."

Bai tuna ya faɗa ba, amma maganar ta yi kama da tasa. Aka tsaya a shida. Larai da kanta ta zaɓe su, ta bi layi tana taɓawa, ta ware waɗanda suka fi laushi, waɗanda ko sun isa kasuwa sai an yi ciniki da rantsuwa. Ta yi musu kallon ban kwana.

Kyaftin ya shiga, ya tsaya a tsakiya, ya busa usur, ya kafa filafili a ruwa ta gefe ɗaya ya ja da ƙarfi. Jirgin ya juya ya fuskanci jama'a. Ya sake ja, ya juya ya ba su baya. Sau uku mutanen Kanya Biyu suna karanta BA IRIN NAKU BA ta hagu da ta dama.

"Duba gefe-gefe nake yi!" ya yi kira. "Haka ƙa'ida take!"

Iska ta tausaya masa ta tura shi kamar taku ashirin daga gaɓa. A nan ne fentin ya gama nasa aikin. Daga mashigi aka ga Kyaftin ya dubi ƙafafunsa, ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga ɗayar.

"Lafiya, Kyaftin?" Tasi'u ya tambaya.

"Lafiya lau! Ruwan gwaji ne!"

"Ya kai ina?"

"Idon sawu!"

"Yanzu fa?"

Sai ya cire hular kyaftin ya shiga kwarfar ruwa da ita. Yana zubar da hula ɗaya, tagogin suna shigo da goma. Jirgin bai karkata ba, bai yi gardama ba. Ya sauka a hankali, a miƙe, kamar raƙumin da ya ga rijiya bayan doguwar tafiya. Sunan ya nutse daga ƙasa zuwa sama. Kwanduna suka taso suka kife. Da komai ya lafa, sai ga Malam Abdulrashid tsaye a cikin jirginsa, jirgin yana zaune a ƙasan dam, ruwa iya ƙirjinsa, tumatir ja wur ya kewaye shi ta ko'ina yana lilo.



"Saura gishiri da daddawa," in ji Inna Kulu.

"Mijin Yaya," Tasi'u ya ɗaga murya cikin ladabi, "don mu ƙaru: yanzu jirgin ne a cikin ruwa, ko ruwan ne a cikin jirgi?"

Mai Unguwa ya rufe fuska da malum-malum, kafaɗunsa suna rawa. Lasifikar da aka manta a kunne ta kai dariyar Liman har unguwar gabas.

Larai ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta dubi kwando ashirin da huɗu da suka rage, ta hango motoci a ɗaya gaɓar kamar ƙwaro. Tasi'u ya riga ya fara kwance igiyar jirginsa.

"Kada ka kuskura!" aka yi tsawa daga cikin tumatir. "Na ce kayan matata ba za su shiga jirginka ba! Magana ɗaya nake yi!"

"Ba za su shiga ba, Malam," in ji Larai.

Ta tuɓe takalmi, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta bi gaɓa zuwa gindin wata kanya inda wata tsohuwar igiya ta shiga ruwa. Ta ja. Wani baƙin kwale-kwale ya taso da gansakuka a jikinsa. Na ubanta ne. Ranar rabon gado maza sun ɗauki sababbin jirage da komaye, aka bar mata wannan domin babu mai so, ita kuma ba ta bar shi ya kwana a tudu ko sau ɗaya ba. Ta karɓi ƙwarya daga hannun wata mai fura ta kwarfe shi tas. Ko ɗigo bai dawo ba.

"Jirgina aka hana," in ji Tasi'u, yana ɗora kwando a ka, "ba a hana wuyana ba."

Aka ɗora takwas. Larai ta zauna a baya, ta sa filafili, jirgin ya miƙe kamar an ja zare. Hanyarta ta bi ta gefen mijinta.

"Larai! Tsaya ki ɗauke ni!"

"Ya cika, Malam. Iya ƙirji ne, taka."

"Takalmina ya maƙale!"

"Zan dawo ta nan."

Ta dawo ta nan, sau biyar tana wuce shi, zuwa da komowa, kowane karo tana yi masa sannu. A na uku ya riga ya fito yana zaune a kan kujerar roba yana ɗiga, saboda haka sannun ta koma ta nesa. Yara kuwa, da aka ba su izinin shiga iya gwiwa, suka tsince tumatirin da iska ta koro, ranar kowane gida a Kanya Biyu ya ci miyar Kyaftin. Sawu na ƙarshe ya isa direban motar ƙarshe yana zuba wa injinsa ruwa. Ana kiran azahar Larai tana wanke filafili, hannuwanta suna zogi, kwando ashirin da huɗu suna kan hanyar kudu.

Farin jirgi ya kwana bakwai a inda ya zauna, domin mai shi ya yi mura, sauran jama'a kuma ba su ga dalilin gaggawa ba. A rana ta takwas Tasi'u da mutanensa suka jawo shi suka kwarfe. Katakon ya sha ya ƙoshi, tsagogin sun haɗe kamar ba a taɓa yi ba. Tasi'u ya zagaya da shi ya dawo, cikinsa a bushe. Ya ce tsakani da Allah babu jirgi irinsa a dam ɗin nan.

Malam Abdulrashid, da rawani a wuya saboda murar, ya gyara tsayuwa.

"To, kun gani. Da na ce muku nutsar da shi zan yi, da kun ce na haukace. A Legas haka ake yi, sai dai su ba sa sa tumatir. Wannan ƙarin nawa ne."

"Allah Ya ƙara basira," in ji jama'a.

"Yanzu ya sha ya isa. A kawo amalanke a mayar da shi ɗakinsa ya bushe."

Aka kawo amalanke, domin babu wanda yake so a yi abin ba da shi ba. Gari ya biyo baya har ƙofar gida. A nan ayarin ya tsaya. A cikin kwanakin murar an sake gina katangar da aka rushe, sabuwa fil, da yaɓe mai kyau. A ciki awakin Larai ne kwance a inuwar kwano suna tuƙa. Ƙofar kuwa, akuya mai ciki sai ta yi dabara take shiga.

Malam Abdulrashid ya dubi ƙofar, ya dubi jirgin, ya nemi Abdulkabir magini a cikin taro. Abdulkabir ya nuna zaure da haɓa. Larai tana tsaye a can da tulu.

"Larai, ƙofar nan ta yi kaɗan."

"Na sani, Malam," ta ce. "Aunawa na yi."